Lofen Farko: Totuwar Masara, Biraya, Mirsham ko Yumɓu?

Lofen farko shi ne yake shan wuya a hannun mai shi. Za a cusa masa taba fiye da kima, a zuƙe shi da gaggawa har ya yi zafin da ba ya riƙuwa, a ƙona masa baki da laita, a manta ba a goge shi ba. Duk mai koyo sai ya yi waɗannan kurakurai a makonnin farko. Don haka wanda zai sayi lofe karon farko ya bar tambayar wanne ya fi kyau a ido ko ya fi daraja a kasuwa. Abin da ya kamata ya auna shi ne wanne ya fi jure kuskure, kuma wanne ne idan ya lalace asarar ba za ta yi ciwo ba.

Kafin a shiga kwatance akwai maganar da ba a ɓoye wa mai karatu. Yawancin masu lofe ba sa haɗiye hayaƙi zuwa huhu kamar masu sigari, a baki suke juya shi su fitar, amma wannan bai mai da shi mara lahani ba. Nikotin yana shiga jini ta fatar cikin baki, jaraba tana kamawa, kuma hayaƙin lofe yana jawo sankarar leɓe da ta harshe da ta maƙogwaro da ta huhu, ga cutar dasashi da ta zuciya. Malamai da yawa sun haramta taba, wasu sun ce makaruhi ce. A Najeriya dokar taba ta 2015 ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana shan ta a wuraren taruwar jama'a da dokar ta lissafa. Wanda ba ya shan taba ba shi da wata riba a farawa. Bayanin da ke tafe na baligi ne wanda ya san duk wannan kuma ya riga ya yanke shawararsa.

Lofe sassa uku ne: ƙoƙon da ake zuba taba, wuyan da ya fito daga jikin ƙoƙon, da bakin da ake sawa tsakanin haƙora, wanda ke da ɗan harshe mai shiga cikin wuyan. Wata siririyar kafa, faɗinta bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, ta taso daga gindin ƙoƙo ta ratsa har ƙarshen baki. Rabin ingancin lofe yana wannan kafar. Idan ta ɓullo daidai da gindin ƙoƙo, taba za ta ci har ƙasa. Idan ta ɓullo sama da gindin, ruwa zai riƙa taruwa a ƙarƙashinta, tabar ƙasa ta jiƙe ta ƙi ci. Akwai gwaji mai sauƙi: a zura tsinken gogewa, wato siririyar wayar nan mai naɗin auduga, daga baki. In ya wuce har kansa ya leƙo cikin ƙoƙo ba tare da an yi kokawa ba, hujin ya yi. In ya cije a mahaɗar wuya da baki, a nan tururi zai riƙa daskarewa ya zama ruwa, lofen ya riƙa ƙugi duk tsadarsa.

Biraya

Yawancin lofen da ake gani a hotuna, masu launin ƙasa-ƙasa da zanen itace, da biraya aka yi su. Ba reshe ba ne kuma ba gungume ba ne. Wani dunƙulen ƙulli ne da ke fitowa tsakanin saiwa da gangar wani ɗan itace mai tsiro a duwatsun gaɓar Bahar Rum: tsibirin Kosika, Italiya, Girka, Aljeriya, Sifen. A cikin ƙullin itacen yake ajiye ruwan da zai kai shi ƙarshen rani, shi ya sa yake da tauri da jure wuta amma kuma yana shan laima. Sai itacen ya yi shekaru masu yawa, talatin ko fiye, kafin ƙullin ya isa yanka. Ana yayyanka shi, a tafasa shi na sa'o'i don fitar da ruwan itacen mai ɗaci, sannan a shanya shi watanni ko shekaru. Garin Saint-Claude na Faransa ne ya yi suna da sassaƙa shi tun tsakiyar ƙarni na 19. Daga cikin tsofaffin gidajen da har yau suke aiki akwai Peterson na Dublin, wanda asalinsa ya koma 1865, da Savinelli da aka kafa a Milan a 1876.

Biraya mai kyau da aka kula da shi yana iya wuce mai shi a duniya. Ba ya fashewa don ya faɗi a kan tabarma, yana da daɗin riƙo, kuma yana ƙara daɗi da tsufa. Amma yana da sharuɗɗa biyu da ke wahalar da mai koyo.

Na farko, sai an hore shi. Sabon biraya itace ne tsirara a gaban wuta. A cikin cikawa goma zuwa ashirin na farko wani baƙin ɓawo yake fara kama bangon ƙoƙo, kamar ƙanzo a gindin tukunya, kuma wannan ƙanzon shi ne garkuwar itacen. Kafin ya samu, zuƙa da ƙarfi ko shan lofe a cikin iska mai kaɗawa na iya cin bangon a wuri guda. Alamarsa ita ce wani gefe ya fi sauran zafi, sai tabo mai duhu ya bayyana ta waje, sai ɗanɗanon ƙonannen itace. Idan ta kai nan, gyara ya yi wuya. Tsohuwar dabara ita ce a riƙa cika rabin ƙoƙo kawai a karo biyar ko shida na farko domin ƙanzon ya fara daga gindi. Wasu masana ba su ɗauki wannan wajibi ba, amma kowa ya yarda da shan sa a hankali.

Na biyu, yana son hutu. Itacen yana tsotse ruwan da konewar taba ke fitarwa, kuma yana bukatar aƙalla kwana guda ya bushe. Wanda ya riƙa maimaita biraya ɗaya sau uku ko huɗu a rana zai ji ya fara tsami. Ma'ana dai, mai biraya ɗaya tak ko ya yi haƙuri ko ya sayi na biyu.

Akwai kuma batun riƙe ƙamshi. Tabar da aka yi wa ƙamshin ceri ko banila, ko Latakiya, wato tabar da aka turara da hayaƙin itace, tana barin warinta cikin ƙanzo da itace, ta ɓata ɗanɗanon duk abin da aka zuba bayanta. Mai koyo kuwa shi ne ya fi kowa sauya taba, tunda bai gano wadda ta yi masa ba.

A yi hattara da lofe mai arha da ake kira biraya alhali ba shi ba ne. Wanda aka shafe da fenti mai ƙyalli kamar gilashi, ko wanda aka yi da roba aka sa masa ɗan ƙoƙon ƙarfe a ciki, kayan ado ne. Yana zafi nan da nan, yana tara ruwa, kuma shi ne ya kori mutane da dama da suka ɗauka laifin nasu ne.

Totuwar masara

Mutane suna raina shi don arharsa, amma shi ne ya fi dacewa da mai koyo. Asalinsa Amurka. Wani masassaƙi ɗan asalin ƙasar Holan, Henry Tibbe, ya fara yin sa a garin Washington na jihar Missouri a 1869, kuma a 1878 ya yi rajistar dabarar shafe totuwar da garin filasta, irin wanda ake ɗaure karaya da shi a asibiti, don ta jure wuta. Kamfanin, Missouri Meerschaum, yana nan har yau. Ba kowace masara ake amfani da ita ba. Iri ne na musamman mai ƙatuwar totuwa mai tauri, kuma ana ajiye totuwar kamar shekara biyu ta bushe kafin a huda ta. Wannan ne dalilin da totuwar masarar gonarmu, wadda ƙarama ce mai laushi, ba za ta yi irin wannan ƙarko ba ko da an rarake ta.

Totuwa ba ta bukatar horo. Tana shan laima sosai, hayaƙinta yana zuwa a bushe da ɗan sanyi, ba ta cika riƙe ƙamshin tsohuwar taba ba, kuma ba ta da nauyi a haƙori. Kafarta a buɗe take, iska na wucewa ba takura, abin da ke sa taba ta ci ko da ba a iya cikawa ba. Kuɗin biraya ɗaya na kamfani mai suna zai sayi totuwa biyar ko fiye. Wanda ya sayi biyu ko uku ya warware matsalar hutu, ya kuma samu damar ware ɗaya don taba mai ƙamshi.

Aibinta ma a fili yake. Wuyanta na itace ne da aka cusa har cikin ƙoƙo, don haka a cikawar farko-farko, in wuta ta kai ƙasa, za a ji ɗanɗanon itace yana ci. Yana wucewa da kansa idan wurin ya yi gawayi. Gindinta yana da rauni: mai soka tsinke da ƙarfi yana iya huda shi, shi ya sa ya fi kyau a nemi wadda aka toshe gindinta da katako. Bakin robar da take zuwa da shi yana da laushi, mai cizo zai tauna shi cikin 'yan watanni, sai dai ana sayar da madadinsa da arha. Ruwan sama da yawan danshi suna kumbura ta har ta tsage. Ba ta kai biraya tsawon rai ba, amma wadda aka kula da ita tana yin shekaru.

Mirsham

Sunan daga Jamusanci yake, ma'anarsa kumfar teku, saboda farinsa da rashin nauyinsa. Ma'adini ne mai laushi da ake haƙowa, mafi kyawunsa daga yankin Eskişehir na Turkiyya. An kuma haƙo wani iri a yankin Amboseli, kan iyakar Kenya da Tanzaniya. Yana da ƙananan ƙofofi masu tsotse ruwa da ƙwalta, ba ya ƙonewa tunda ba itace ba ne, ba ya ƙara wa taba wani ɗanɗano nasa, kuma ana iya maimaita shi a rana ɗaya. Ana tsoma shi cikin kakin zuma bayan sassaƙa, kuma da shekaru yakan rine daga fari zuwa ruwan zuma zuwa ja mai duhu. Masu shi suna ji da wannan rinin ƙwarai.

Duk da haka bai dace da lofen farko ba. Faɗuwa ɗaya a kan siminti ta isa ta raba shi biyu. Yana da tsada, kuma kasuwarsa cike take da wanda aka yi da garin ragowar sassaƙa aka haɗa da manne aka matse. Irin wannan ya fi nauyi, ba ya shan laima sosai, ba ya rinewa da kyau, kuma mai koyo ba zai bambance su a hoto ba. Kulawarsa ma akasin ta biraya ce. Ba a barin ƙanzo ya taru a cikinsa, domin ƙanzo da dutsen ba sa buɗewa daidai da juna idan sun ji zafi, sai ƙoƙon ya tsage. Bayan kowane sha ana share cikinsa da takarda mai laushi.

Yumɓu

Shi ne tsohon hannu. Turawan Ingila da Holan da shi suka fara tun wajen ƙarshen ƙarni na 16, a Afirka ta Yamma ma an daɗe ana gina shi, kuma sunan tukunyar taba da Hausawa ke kiran lofe da shi ya nuna da me aka saba yin sa. Yumɓu yana ba da ɗanɗanon taba tsantsa, kuma wanda ba a yi masa wuyan itace ko na roba ba ana tsabtace shi ta hanyar sa shi cikin garwashi har dattin ya ƙone. Amma ƙoƙonsa yana zafin da ba ya taɓuwa, sai ta wuya ake riƙe shi, kafarsa matsattsiya ce, ga saurin karyewa. A bar shi sai hannu ya faɗa.

Siffa, baki da matata

Ko totuwa ko biraya, miƙaƙƙe ya fi lanƙwasasshe sauƙi ga mai koyo: tsinke yana wucewa kai tsaye kuma ana ganin inda wuta take. Lanƙwasasshe ya fi daɗin ratayawa a haƙori, amma yawu na gangarawa cikinsa. A nemi ƙoƙo matsakaici, faɗin raminsa wajen milimita 19 zuwa 20, zurfinsa 35 zuwa 40, bangonsa da kauri, nauyin lofen duka kada ya wuce giram 50.

Bakin biraya iri biyu ne. Akwai baƙar roba mai tauri da ake kira balkanait, mai daɗi a haƙori, amma rana da yawu suna sa ta koma kore-kore mai ɗaci. Akwai akirilik, wanda ya fi tauri amma ba ya sauya launi. A ƙasa mai zafin rana akirilik ya fi sauƙin riƙo. Wasu lofe suna ɗaukar matata: ta gawayi mai milimita 9 wadda Jamusawa suka fi so, ko ta milimita 6 ta takarda ko ta itacen balsa. Tana rage ruwa da kaifin hayaƙi, ba ta kawar da cutarwarsa. Ana jefar da ita bayan sha ɗaya zuwa uku, in an bar ta ta kwana a jiƙe sai lofe ya yi wari.

Tabar da za a zuba

Zaɓen taba ya kai zaɓen lofe muhimmanci. Irin tabar da ake kira Bajiniya tana da sukari a jikinta, tana da zaƙi, amma tana zafi ta ciji harshe idan an yi mata gaggawa. Wadda ake kira Barli ba ta da sukari sosai, tana ci a hankali da sanyi, shi ya sa gaurayen da ita ce ginshiƙinsa, irin su Prince Albert da Carter Hall, suke da sauƙin koyo, kuma suna tafiya da totuwa ƙwarai. Latakiya, wadda ta samo suna daga wani gari a ƙasar Siriya, ganye ne da aka turara da hayaƙin itace, tana da ƙauri mai ƙarfi amma ba ta cika cizo ba. Masu ƙamshin ceri da banila su suka fi jan mai koyo, su ne kuma suka fi ƙona masa harshe, domin an jiƙa su da kayan ƙamshi da na riƙe danshi. A fara da wadda aka yanka sirara-sirara kamar zare. Wadda aka matse fala-fala sai an koyi murje ta.

Inda tabar lofe ke wuyar samu, mutum kan yi sha'awar musanya ta da abin da ke kusa. Tabar cikin sigari an yanka ta ƙanana, tana ci da sauri da zafi. Ta shisha a jiƙe take da zuma da gilisarin, ba ta kama wuta, sai dai ta dame ƙoƙo. Taba gari da ake haɗawa da kanwa toshe kafa take yi.

Cikawa da kunnawa

A fara da gwada danshi. A matse ɗan tsunkule tsakanin yatsu. In ya dunƙule ya zauna, ya jiƙe da yawa, a baza shi kan takarda minti 10 zuwa 20. In ya farfashe ya zama gari, ya bushe da yawa. Wanda ya dace yana dunƙulewa ya sake warwarewa.

Matsakaicin ƙoƙo yana ɗaukar giram 2 zuwa 3, wato gwangwanin giram 50 zai yi cikawa kamar ashirin. Ana zubawa sau uku. A barbaɗa har baki, a danna a hankali ta koma rabi. A sake cikawa, a danna da ɗan ƙarfi ta koma kashi uku cikin huɗu. A cika na uku a danna fiye da haka, a bar tazarar milimita biyu ko uku daga baki. Sai a zuƙa kafin a kunna. In iskar ta zo kamar ana zuƙar lemo da tsinken roba, ya yi. In ta zo kamar ana jan fura mai kauri, an cusa da yawa, a zazzage a sake. Wannan minti ɗayan ya fi rabin awa na fama da lofe mai mutuwa.

Kunnawa sau biyu ce. Da ashana, bayan an bari kanta ya gama ci, ko da laita mai harshen wuta mai laushi, a zagaya saman tabar ana zuƙa gajeru biyar ko shida. Tabar za ta kumbura ta mutu. A danna ta a hankali da madanni, wanda ko ƙusa mai faɗin kai tana yin aikinsa, sannan a sake kunnawa. Laita mai feshin shuɗiyar wuta tana cin bakin ƙoƙo, ba ta da wuri a nan.

Daga nan sai haƙuri. Kurɓa ake yi, ƙanana, da tazara, cikawa ɗaya ta ɗauki minti 30 zuwa 45. Mutuwar lofe sau uku ko biyar ba laifi ba ne, a danna tokar kaɗan a sake kunnawa. In ƙoƙo ya yi zafin da ba za a iya riƙe shi a tafin hannu ba, a ajiye ya huce. Raɗaɗin harshe daga tururi mai zafi yake zuwa, wato taba mai danshi da zuƙa mai sauri. Ƙugi ruwa ne a kafa: a zura tsinke ta baki ba tare da an cire komai ba, a zaro. Jiri da tashin zuciya da gumi mai sanyi alamar nikotin ya yi yawa ne, musamman a kan yunwa. A ajiye lofen nan take, a fita iska, a sha wani abu mai zaƙi. Jiƙaƙƙen ragowar da ke gindi ba dole ne a ƙone shi ba, ƙoƙarin hakan ne ma yake cin gindin totuwa.

Bayan an gama

A bar lofe ya huce sarai kafin a cire bakinsa. Da zafi harshen bakin yana laushi, wuyan ya buɗe, cirewa a lokacin tana kwance mahaɗar ko ta tsaga wuyan. In za a cire, murɗawa ake yi a hankali ta gefe guda, ba a fizga. Toka kuwa a kwance ta da tsinke a juye a tafin hannu. Buga ƙoƙo a bango ko a dugadugin takalmi ya karya lofe da yawa. A zura tsinken gogewa ɗaya ko biyu har ya fito fari, a ajiye lofen ƙoƙo a ƙasa baki a sama, a inda iska ke ratsawa. Bayan sha kamar goma a raba shi a wanke kafar da tsinken da aka ɗiga wa ɗan sinadarin isofurofil na kantin magani, kada ya taɓa jikin lofen ta waje don yana cin fenti, kuma a bar shi kwana guda ya bushe. A biraya, ƙanzo kada ya wuce kaurin milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In ya wuce a kankare shi da abin kankara mara tsini, ko takardar yashi da aka naɗe a kan sanda. Wuƙa mai tsini tana yankar itacen.

Yanayinmu yana da nasa sharaɗin. Da hunturu tabar da aka bari a buɗe tana bushewa cikin sa'o'i, don haka da zarar an fasa gwangwani a juye ta cikin kwalbar gilashi mai murfin da ke kamawa, kuma minti biyar na shanya ya isa. Bushewar iskar tana iya sa bakin biraya ya yi sako-sako, yawanci sha ɗaya ko biyu yana mai da shi daidai. Da damina fumfuna ce abin tsoro, tabar da ta yi ta a zubar da ita duka. Lofe kuma ba a barin sa cikin mota a rana.

Ga mai farawa, sayayyar da ta fi ma'ana ita ce totuwa biyu miƙaƙƙu masu gindin katako, madanni, ƙunshin tsinken gogewa, ashana, da taba iri ɗaya mai Barli, ba iri biyar ba. Idan ya kai inda yake cinye cikawa guda har ƙasa da kunnawa biyu ko uku, harshensa lafiya, ƙoƙo bai wuce ɗumi ba, to hannunsa ya isa riƙon biraya. A lokacin sai ya nemi miƙaƙƙe na kamfani sananne, mai bakin akirilik, ya tafi shagon da tsinken gogewa a aljihu don gwada kafarsa kafin ya biya.